Ɓarnar gyazbi a gona: ƙaramar bindiga ko babba, wacce ta dace da manomin Tafo?

Mutanen Tafo da dama suna kwana a Kumasi amma abincinsu yana kan hanyar Mampong, can wajen Ejura, inda suke noman masara. Babban abokin gabarsu a can shi ne gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie. Da dare yake fitowa, ya datse karan masara daga tushe kamar an sa lauje, da safe mai gona ya tarar da kunya guda a kwance. Shi ya sa zancen bindiga ba ya ƙarewa a majalisun zango. Yanzu kuma samari masu kallon YouTube sun kawo sabuwar gardama: sun ce singil baral ta iyayenmu ta tsufa, bindiga mai sakata ita ce magana.

Mai sakata ita ce raifil da ake ɗaga wani ɗan hannu a ja baya kamar sakatar ƙofa, kwanson da aka harba ya faɗo, a tura gaba sabon harsashi ya shiga. Ba baƙuwa ba ce a zango. Irinta ce Lee-Enfield da kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama. Biyu da aka fi ambata a gardamar su ne CZ 457, ƙirar ƙasar Cek da ta fito a 2019, mai cin harsashin .22 LR, da Tikka T3x, wadda kamfanin Sako ke ƙerawa a Finlan tun 2016, mai cin .223 Remington. Dukansu bindigogi ne masu kyau, babu wanda ya yi musu. Bambancin yana cikin harsashi.

Harsashin .22 LR tsoho ne, tun 1887 ake yinsa a Amurka. Kansa bai kai giram 3 ba, yana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa. Ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kaɗan ce, kuma duk duniya yana cikin mafi araha. Daga mita 50 zuwa 75 yana aiki tsaf, bayan mita 100 sai ya fara sunkuyawa, iska kuma ta riƙa wasa da shi. Da shi ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik, don haka wanda burinsa koyon saiti ne bai da abin nema a wani wuri. Saiti ba ya zuwa sai da yawan harbi, yawan harbi kuma sai harsashi mai sauƙin kuɗi.

Shi kuwa .223 wani abu ne daban. Kansa giram 3 da rabi ne kawai, amma gudunsa ya kusa mita 1,000 a daƙiƙa, kusan ninki uku. Yana tafiya a miƙe har mita 300. Kamfanin Tikka ma ya yi alkawarin cewa harbi uku a mita 100 za su taru a fili da bai wuce santimita 3 ba. Ya fi dacewa da filayen Amurka, inda maharbi ke kwanciya a tudu ya hango dabba tun daga nesa. To, ina za ka sami mita 300 a gonar masara? Gyazbi a cikin ciyawa yake, gefen fadama, ba ka ganinsa sai ka zo kusa, taku ashirin ko talatin. A wannan tazarar .223 ragargaza shi zai yi. Dabbar da ba ta cika wuce kilo 6 ba, kuma namanta kuɗi ne a kasuwar Atwemonom, me ya rage maka in ka farfashe ta?

A ganina, in dai tsakanin waɗannan biyun ne, ƙaramar ta ci. Amma kada wani ya raina ta. Akwatunan harsashin .22 suna ɗauke da gargaɗin cewa yana iya kaiwa sama da kilomita 2, kuma an san shi da tsalle in ya bugi dutse ko ruwa. Na .223 ya fi haka nisa. Gonakinmu ba daji ba ne: bayan kowace gona akwai wata gona, akwai mata masu ɗebo itace, akwai yaran Fulani da shanu. Wanda bai ga abin da ke bayan dabba ba, wallahi kada ya taɓa kunama. A nan ne singil baral ta fi su duka hankali, domin ƙwayoyin AA ko BB ƙarfinsu yana mutuwa da wuri. Tsofaffin maharba ba jahilci ya sa suka riƙe ta ba.

Sai babban dutsen da bidiyo ba ya nunawa, wato doka. A Gana mallakar bindiga tana ƙarƙashin dokar makamai ta 1972, NRCD 9, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya. Ana nema ta hannun 'yan sanda, su binciki mutum, Ma'aikatar Cikin Gida ce ke da ikon izinin shigo da makami, kuma lasisi kowace shekara ake sabunta shi. Abin da aka saba gani a hannun manomi mai takarda shi ne bindigar farauta mai ƙwayoyi, ita ce kuma dillalai suke da harsashinta. Raifil ba a cika ganinta ba. Ita .223 ma tana da wani nauyi na daban, don harsashinta ɗan'uwan 5.56 ne na bindigogin soja. Don haka tambaya ta farko ba "wacce ta fi?" ba ce. Ka fara zuwa ofishin makamai na 'yan sanda ka ji ko za a ba ka izini, sannan ka tambayi dillali mai lasisi ko zai iya kawo maka harsashi bana da baɗi. Bindigar da ba harsashi sanda ce mai tsada.

Kuma ka guji wanda zai ce maka "ina da ita a gida, ba sai an yi takarda ba", ko ta maƙera da ake bugawa a ɓoye. Tun 2007 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai don irin wannan. Mu mutanen zango mun san yadda ake yi da sunanmu: a kama yaro ɗaya da bindiga, gobe jarida ta rubuta unguwa gaba ɗaya.

Lasisin bindiga ma bai isa ba, farauta tana da nata. Sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji yana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, don dabbobi su hayayyafa. Gyazbi ne aka cire daga wannan hani saboda ɓarnarsa, amma shi ma sai da takarda. Wannan ya yi wa manomi daidai, tunda lokacin ne masarar shuka ta biyu ke gona. Cinna wa daji wuta don a koro nama laifi ne, haka ma zuba guba, wadda ke ƙarewa a tukunyar mai saye.

Batun ci kuwa, malamanmu na Malikiyya sun halatta naman da aka harba da bindiga in an yi bisimilla lokacin harbi, in kuma an riski dabbar da sauran rai to dole a yanka. Nan ma ƙaramin harsashi da ya sami kai ya fi wanda ya watsa ciki. Shi gyazbin kansa akwai masu ƙyamarsa don kamarsa da ɓera, akwai masu ci, kowa ya tambayi malaminsa.

Ga wanda gonarsa eka biyu ce ko uku, lissafin bai ma kai ga raifil ba. Kuɗin bindiga, madubin saiti, akwatin ƙarfe na ajiya don yara, sabunta lasisi da harsashi, sun fi masarar da gyazbi zai ci a shekaru da yawa. Share ciyawar gefen gona, kare mai kyau, da kiran maharbin ƙauye mai takarda a raba nama da shi, su ne abin da yawancin manoman Ejura ke yi har yau.