Kufai a ƙarƙashin gonakinmu: abin da ya kamata ku sani

A tsibirin Kirit na ƙasar Girka, baƙi na tururuwa don ganin kufan fadar Knossos, wadda aka duƙufa tonon ta tun 1900. Mutanen can da dutse suka yi gini. Kakanninmu da ƙasa suka yi, ginin ƙasa kuwa da an daina yi masa yaɓe, 'yan damuna kaɗan sun isa su mai da shi tudu. Shi ya sa a ƙasar Bichi, Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, tsohon gari yakan kwanta ne a ƙarƙashin gero da dawa.

Manomi ya fi kowa sanin alamunsa. Garma ta yi ta tono tsingaro a wuri guda. A ga kashin maƙera, baƙi mai ƙuraje, a warwatse cikin kunya. Kukoki su yi cincirindo ba gida ko ɗaya kusa, ko wani dogon tudu ya lanƙwasa ya ratsa gonaki, wato ragowar ganuwa.

Mai son gani da ido ya fara da dutsen Dala a birnin Kano, inda bincike ya nuna ana narka tama tun wajen ƙarni na 7. Daga nan sai badala, wadda Sarki Gijimasu (1095–1134) ya soma, kodayake gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun ci rabonsu. Sai Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi.

Amma a ganina Durɓi ta Kusheyi, a ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina, ta fi ba da mamaki. Tuddai ne a fili, kaburburan manyan dā. Wani Bature mai suna Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu 'yan kunnen zinariya, kwanonin tagulla, hauren giwa da duwatsun ado, shaidar cewa fatauci ya haɗa ƙasar nan da nesa tun ɗaruruwan shekaru.

In kun ci karo da irin wannan a gona, kada ku tona, kada ku sayar wa 'yan kayan tarihi. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana. Masana da zurfin ramin da abin da ke kewaye da tukunya suke gane shekarunta, in an cire ta wannan bayanin ya tafi. Ku sanar da dagaci, shi ya kai maganar ga ma'aikatan Gidan Makama.