Hutun Kaka: Da Me Ake Auna Niger Tornadoes Kafin a Busa Usur?

Daga watan Yuni zuwa Agusta ƙwallo kan tafi hutu, amma gardamarta ba ta hutawa. A Dukku ta ƙaramar hukumar Rijau, cikin masarautar Kontagora (ba Dukkun Gombe ba, don sau da yawa akan rikita su), wannan hutu yana faɗowa ne daidai tsakiyar damina. Gidan kallo ya yi tsit, mai janareto ya huta da sayen fetur, samari sun wuni a gona. Da yamma, a teburin mai shayi, sai a buɗe babin ciniki: wa aka saya, wa aka sallama, wa ya ƙi sabunta kwantiragi. Mafi yawan musun na Real Madrid ne da Barcelona da Arsenal da Manchester United. Amma ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da zai karkato da zancen gida, ya tambayi halin da Niger Tornadoes ke ciki, ƙungiyar jihar Neja da ke Minna, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Ikon Allah.

Aikin wannan mutumin ya fi na sauran wuya, don shi a cikin duhu yake lalube.

Kafin a gane girman duhun, yana da kyau a leƙa inda haske ya yi yawa. A Kanada da Amurka akwai wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, inda mutum shida-shida ke zamiya da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan faifan roba da sanduna. Babbar gasarsu ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32, bakwai daga cikinsu a Kanada. Wasan ba baƙon Najeriya ba ne ɗungurungum, domin Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames kuma ya ci ƙwallo 625 a gasar, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A can, da zarar an ɗaga kofin gasar, wato kofin Stanley, a watan Yuni, sai magoya baya su koma akawu. Tun shekarar 2005 gasar ta ƙayyade iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2024/25 ya kai miliyan 88. Albashin kowane ɗan wasa da ranar ƙarewar kwantiraginsa a fili suke. A ƙarshen Yuni ana zaɓen sababbin matasa, kuma ƙungiyoyin da suka sha kashi su ake fifitawa wajen zaɓen farko. Ranar 1 ga Yuli kuwa kasuwar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare take buɗewa. Don haka direban tasi a Toronto zai iya ɗaukar biro ya lissafa kuɗin da ya rage wa ƙungiyarsa, ya jera 'yan gabanta sahu huɗu, ya nuna maka sahun da ke da rami, kuma lissafinsa ba zai yi nisa da na masu ƙungiyar ba.

Mai goyon bayan Tornadoes a Dukku ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A gasar Firimiyar Najeriya ba al'ada ba ce a bayyana albashin ɗan wasa, kuma ba kasafai ake faɗin tsawon kwantiragi ba. Abin da ke isowa wayarsa shi ne hoto a Facebook: saurayi riƙe da riga, shugabannin ƙungiya na murmushi a gefensa. Ranar da aka jera irin waɗannan hotuna goma sha biyar, sai majalisa ta ɗauka an yi abin kirki. A nan kuskuren yake farawa. Sababbin 'yan wasa goma sha biyar na nufin wasu goma sha biyar sun kama gabansu, kuma su ba a ɗaukar musu hoton bankwana.

Tambayar farko ke nan da ta kamata a yi: cikin sha ɗayan da suka fi buga wasa a kakar da ta wuce, mutum nawa ne suka kwana?

Tarihin Kano Pillars ya isa shaida. Sai Masu Gida sun ci gasar a 2008, sannan suka jera ta sau uku, a 2012 da 2013 da 2014. A cikin waɗannan shekaru uku har koci an canza, Mohammed Baba Ganaru ya ci biyun farko, Okey Emordi ya ci na uku. Abin da bai canza ba shi ne ƙashin bayan ƙungiyar: Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali da ake kira Pele a tsakiya, Gambo Muhammad a gaba. Mutane ne da suka san motsin juna ba sai an ɗaga murya ba. Ɗan tsakiya ya san inda ɗan gabansa zai ruga tun kafin ya ruga, gola ya san ɗan bayan da ke son a ba shi ƙwallo a ƙafa da wanda gara a doka ta gaba a huta. Irin wannan sabo ba a sayen sa a kasuwa, kuma atisayen mako shida ba ya kawo shi.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da zuciyar ɗan jihar Neja, ko da yake yana da ɗaci. A 2019 Niger Tornadoes da Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun suka faɗa gasar 'yan dagaji tare. A 2021 suka dawo tare, su da Gombe United da Shooting Stars ta Ibadan. Daga nan hanya ta rabu. Remo ta ƙare ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, sannan ta ɗauki kofin a 2025, karon farko a tarihinta. Ƙungiya ce ta ɗan kasuwa, Kunle Soname, tana da filinta da makarantar renon yara 'yan ƙwallo, kuma koci Daniel Ogunmodede ya samu sararin gina tawaga kaka bayan kaka ba tare da an rushe masa ita duk damina ba. Ba wai 'yan wasan Remo ba sa tafiya ba ne, suna tafiya. Bambancin shi ne idan ɗaya ya tafi akwai wanda aka riga aka shirya a bayansa. Tornadoes, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, ta gwamnatin jiha ce, kuma a irin waɗannan ƙungiyoyi sauyin kwamishina ko na shugabannin gudanarwa kan iya jawo sauyin koci, shi kuma sabon koci ya zo da yaransa.

To, a cikin waɗanda suka kwana da waɗanda suka zo, wa zai ci ƙwallo? A nan ne ya kamata mai sharhi ya daɗe, domin tarihin Tornadoes kansa yana nuna inda ciwon yake. Kofin da ƙungiyar ke tinƙaho da shi shi ne na ƙalubale na shekarar 2000, lokacin da ta doke Enugu Rangers da ci ɗaya mai ban haushi. Ta sake kai wa wasan ƙarshe a 2017 a filin Agege da ke Legas, ta tashi babu ci da Akwa United, aka fitar da ita a bugun fenareti da 3 da 2. Ta koma a 2019 a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ta sake tashi babu ci, wannan karo da Kano Pillars, aka sake yin fenareti, Pillars ta ɗauka da 4 da 3. Wasan ƙarshe biyu cikin shekara uku, ba a zura mata ba, ita ma ba ta zura ba. A wannan shekarar ta 2019 da ta kai wasan ƙarshe ne kuma ta faɗi daga Firimiya.

Babu wani abin mamaki a haɗuwar waɗannan biyun. A gasar kofi, ƙungiya mai tsaron baya mai kyau za ta iya toshe raga ta ja wasa zuwa fenareti, ta yi ta haurawa. A gasar lig kuwa canjaras maki ɗaya ne, nasara maki uku. Ƙungiyar da ta yi kunnen doki sau uku da wadda ta ci ɗaya ta sha kashi biyu, makinsu ɗaya. Don haka idan aka ce wa mutumin Dukku an kawo 'yan baya uku masu ƙarfi kamar bango, sai ya yi godiya, sannan ya tambayi wanda ya ci ƙwallo goma a kakar bara, ko a nan ko a inda ya fito.

Matsalar ita ce mai cin ƙwallo a Najeriya ba ya zama. Ahmed Musa ya ci wa Pillars 18 a kakar 2009/10, kafin shekara ta ƙare yana VVV-Venlo a ƙasar Holan. Junior Lokosa ya ci wa Pillars 19 a 2018, a 2019 ya koma Esperance ta Tunisiya. Tarihin da Mfon Udoh ya kafa wa Enyimba a 2014 ƙwallo 23 ne, kuma wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa raga a wannan gasa ba ta buɗuwa da sauƙi. Idan har Pillars da taron magoya bayanta ba ta iya riƙe nata, ƙungiyar Minna sai ta yi dabara: ta nemi ƙwallayenta daga mutum uku ko huɗu, har da 'yan tsakiya da mai bugun tazara da ɗan baya mai tsalle a bugun kusurwa, maimakon ta rataya komai a wuyan mutum guda da wakilinsa ke yawo da fasfo ɗinsa a aljihu.

Gola magana ce gajera. A samu biyu da za a iya dogara da su, ba ɗaya da ɗan rakiya ba.

Sai batun benci, wanda masu kallon ƙwallon Turai kan raina. Gasar tana da ƙungiyoyi 20, wasa 38, huɗu na ƙasa su faɗi. Rabin waɗannan wasanni a waje ne, kuma wajen nan yana nufin doguwar tafiya a bas daga Minna zuwa Uyo ko Fatakwal ko Aba ko Maiduguri, wani lokaci da wasan tsakiyar mako a tsakani. Hanyar ma ba ta da tabbas. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Ko ba a gamu da irin wannan ba, ƙafar da ta wuni a naɗe cikin mota ba ta gudu kamar wadda ta kwana a gida. Tun da dokar ƙwallo ta amince da canjin mutum biyar a wasa, ƙungiyar da ke da 'yan wasa sha shida ko sha bakwai masu kusan ƙarfi ɗaya ta fi wadda ke da taurari biyar da tarin 'yan cika benci. Mai sayen sa a kara ba ƙaho yake fara dubawa ba, ƙafa da haƙori yake dubawa, kuma haka ya kamata a yi wa jerin sunayen da ƙungiya ta fitar: shekarun mutum nawa, wasa nawa ya buga bara, wane rauni ya zaunar da shi.

Akwai kuma wani ɗan wasa da ba a rubuta sunansa a takarda, wato fili. Kowa ya san yadda cin wasa a waje ke da wuya a Najeriya. Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar lig ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi a filin Sani Abacha. Gidan Tornadoes shi ne filin Bako Kontagora da ke Minna, sunan da ke sa mutumin wannan yanki jin cewa da shi a ciki. Amma akwai kakannin da filin bai cika sharuɗɗan masu shirya gasa ba, ƙungiyar ta koma karɓar baƙi a Lakwaja, wani lokaci a Kaduna. Ƙungiyar da ke haka wasa 38 take bugawa a waje. Duk wanda zai yi hasashen matsayinta a tebur, sai ya fara jin inda za ta buga wasanninta na gida, don amsar kan iya sauya lissafin fiye da sayen ɗan wasa biyu.

Abu na ƙarshe ba a filin atisaye ake ganin sa ba, a banki ne. Bashin albashi da na alawus ɗin wasa tsohuwar cuta ce a ƙwallon Najeriya, kuma 'yan wasa suna da labarin juna. Ƙungiyar da ke biya a kan kari ba ta wahalar shawo kan ɗan wasa mai kyau, wadda ke riƙe haƙƙi kuwa sai ta tashi da waɗanda ba su da wani zaɓi. Mai sharhi a Dukku ba zai ga takardar albashi ba, amma alamunta ba sa ɓuya. Idan kyaftin da gola na ɗaya da wanda ya fi cin ƙwallo suka tafi a hutu guda, kuma ba Turai ko Arewacin Afirka suka nufa ba, wata ƙungiyar Najeriya mai matsayi iri ɗaya suka koma, to ba sha'awar sauyin iska ce ta kai su ba. Haka kuma idan saura mako biyu a fara gasa amma ana ta tantance ɗaruruwan samari a fili, ba a kammala tawaga ba.

Wasannin share fage na watan Agusta suna da amfani, sai dai ba a sakamakonsu ba. Ƙungiya kan lallasa 'yan unguwa da ci biyar a yi ta murna, alhali abin dubawa shi ne ko 'yan baya huɗun da suka fara wasan farko su ne suka fara na uku da na huɗu. Idan koci yana ta juya su har ranar ƙarshe, bai samu mutanensa ba tukuna, kuma makin da za a zubar a makonni biyar na farko ba a dawo da shi sai an buɗe kasuwar tsakiyar kaka, lokacin da an riga an girbe dawa a Dukku an kai rumbu.