Ina matuƙa ke barin jiragen ruwansu idan tafiya ta kama su?

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba, ɗaruruwan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska kan tashi daga tsibiran Canary na ƙasar Sifaniya, su ratsa tekun Atlantika zuwa yankin Karibiyan. Tafiya ce ta kimanin kilomita 5,000, wadda kan ɗauki makonni biyu zuwa uku.

Da yawa daga cikin masu waɗannan jirage iyalai ne da 'yan fansho, kuma da zarar sun isa sai su shafe watanni suna bin gaɓar teku daga wannan tsibiri zuwa wancan. To amma ko ba daɗe ko ba jima wata larura kan taso, ko dai rashin lafiyar wani a gida, ko aiki, ko kuma ƙarewar wa'adin biza. A nan ne tilas mutum ya hau jirgin sama, ya bar jirgin ruwan da ga wasu shi ne gidansu, kuma shi ne duk abin da suka mallaka.

Tambayar da ke hana su barci ita ce, a ina za a bar shi har a dawo a tarar da shi lafiya?

Hanyoyi huɗu

Hanya ta farko, kuma mafi araha, ita ce a jefa anka, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da ke kama ƙasan teku, a wani lungu da tudu ya kare. Ƙarfin anka ya dogara ne kan irin ƙasar da ta faɗa a kai. Taɓo mai danƙo da yashi mai tauri suna riƙe ta da kyau. Dutse da ciyawar teku kuwa sukan yaudari matuƙi, domin ankar kan yi kamar ta kama, sai iska ta juya ta kuɓuce.

Tsawon sarƙar da aka saki shi ma yana da muhimmanci. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a saki sarƙar da ta ninka zurfin ruwan sau biyar zuwa bakwai, idan kuma ana fargabar guguwa a kai har sau goma. Dalili shi ne, idan sarƙar ta kwanta a ƙasa tana jan ankar ne a kwance, abin da ke ƙara nutsar da ita cikin taɓo. Idan kuwa gajera ce, sai ta riƙa fizgo ta sama. Duk da haka, matuƙa ƙalilan ne ke yarda su bar jirgi a kan anka na tsawon makonni ba kowa a ciki.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaure jirgin a wani tulu mai shawagi a kan ruwa, wanda aka haɗa da sarƙa zuwa wani ƙaton siminti a ƙasan teku. Matsalar a nan ita ce abin da ido ba ya gani. Tulun na iya kasancewa sabo fil, alhali tsatsa ta cinye sarƙar da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa masu lura kan yi nutso da kansu, ko su biya wani ya duba musu tun daga sama har ƙasa.

Ta uku ita ce tashar ƙananan jiragen ruwa, inda ake biyan kuɗin haya, akwai masu gadi da wutar lantarki. Ta huɗu kuma ita ce a sa injin ɗaga kaya ya fitar da jirgin daga ruwa ɗungurungum, a girke shi a kan tudu bisa dogarai na ƙarfe. Wannan ita ce hanyar da masu barin jirgi na watanni da yawa suka fi bi.

Kwanciyar ruwa ba ta nuna aminci

Babban kuskuren da baƙo kan yi shi ne ya auna wuri da yadda ya gan shi ranar da ya iso. A yankin Karibiyan iska kan kaɗo ne daga gabas a kusan duk tsawon shekara, saboda haka gaɓar yamma ta kowane tsibiri kan kasance a kwance lumui, kuma a can ne jirage ke taruwa.

A watan Nuwamban 1999 wata mahaukaciyar guguwa da aka laƙaba wa suna Lenny ta saɓa wa al'ada, ta taso daga yamma ta nufi gabas. Raƙuman ruwan da ta turo sun afka wa gaɓoɓin yamma na tsibirai da dama, har da waɗanda ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga tsakiyarta, suka wurga jirage kan duwatsu suka rusa gadojin tashoshi. Wuraren da aka ɗauka mafaka ce su suka fi shan wahala.

Wannan ne ya sa gogaggun matuƙa ke neman lungun da tudu ya kewaye ta kowace kusurwa, mai ƙaramar ƙofa, wanda faɗin ruwan cikinsa bai kai yadda raƙuman ruwa za su samu filin girma ba. Sau da yawa raƙuman ruwa ne ke tsinka sarƙa da igiya, fiye da iskar kanta. Sannan ƙarfin da iska ke buga jirgi da shi yana ninkuwa sau huɗu ne a duk lokacin da gudunta ya ninka sau biyu.

Neman irin wannan lungu ba yau aka fara ba. Tun a ƙarni na 18 sojojin ruwan Birtaniya suka mayar da English Harbour da ke tsibirin Antigua wurin fakewar jiragen yaƙinsu a lokacin guguwa, saboda tsaunukan da suka zagaye shi. Horatio Nelson ya yi aiki a can daga 1784 zuwa 1787, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Kazalika ana fakewa a cikin surƙuƙin itatuwan nan da ke tsirowa a ruwan gishiri a bakin teku. Saiwoyinsu suna da ƙarfin da za a ɗaura igiyoyi da yawa, kuma ko jirgi ya kuɓuce, taɓo da rassa zai faɗa wa maimakon dutse.

Darasin Grenada

Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana farawa ne daga 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Akasarin manyan guguwowin kuwa asalinsu hadari ne da ke tasowa daga yankin kudu da hamadar Sahara a lokacin damina, ya fita teku ta gaɓar Afirka ta Yamma, ya yi ta ƙara ƙarfi a kan ruwa mai ɗumi.

Da yake irin wannan guguwa ba ta cika kusantar tsakiyar duniya ba, kamfanonin inshora da dama kan shata iyaka a taswira, su ce duk jirgin da ke arewa da ita a waɗannan watanni ba za su biya diyyarsa ba, ko kuma sai da ƙarin kuɗi da sharuɗɗa. Wannan ya sa jirage kan yi tururuwa zuwa kudu, musamman Chaguaramas a ƙasar Trinidad da Tobago, da kuma tsibirin Grenada.

Shekara da shekaru ana ɗaukar Grenada a matsayin tudun mun tsira, domin rabon da babbar guguwa ta afka mata tun 1955, lokacin guguwar Janet. Sai ga shi a ranar 7 ga watan Satumban 2004 guguwar Ivan ta dira a kanta, ta hallaka mutane 39, ta lalata kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tsibirin. A filayen da aka girke jirage a kan tudu, iska ta tuntsurar da ɗaya ya faɗa kan na kusa da shi, haka suka yi ta zubewa a jere.

Bayan wannan bala'i wasu kamfanonin inshora sun matsar da iyakarsu zuwa kudu, yayin da masu filayen suka sauya salo. Suka koma ɗora jirage a kan shimfiɗar ƙarfe guda mai haɗe, suna ɗaure su da maɗaurai zuwa turakun da aka binne a ƙasa, suna kuma sauke doguwar sandar da ke riƙe filafilai, wato ƙyallayen da iska ke turawa. A wasu wuraren, kamar tsibirin Fiji na tekun Pasifik, rami ake haƙawa a zura gindin jirgin a ciki, a tokare shi da tsofaffin tayoyi.

To sai dai kuma akwai guguwar da ta fi ƙarfin dabara. A ranar 6 ga Satumban 2017 guguwar Irma ta ratsa tsibiran Virgin na Birtaniya, ta tara jiragen da aka ɓoye a lungun Paraquita na tsibirin Tortola wani kan wani. A ranar 1 ga Yulin 2024 kuma guguwar Beryl ta afka wa Carriacou, wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Grenada, tun lokacin guguwa bai yi nisa ba, kuma hatta jiragen da suka shige cikin itatuwan bakin teku ba su tsira duka ba. Wani abin da aka lura da shi a irin waɗannan lokuta shi ne, cunkoso kansa haɗari ne: jirgi guda da aka yi wa sakaci ya kuɓuce yana iya jan goma su tafi tare.

Ƙananan abubuwa

Ba guguwa kaɗai ke cin jirgin da aka bari ba. Masu iya magana kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Igiyar da ke gogar gefen ƙarfe dare da rana tana iya tsinkewa, shi ya sa ake zura ta cikin tiyo a inda take gogar, a kuma ƙara ta biyu. Ruwan sama da ke ɗiga ciki yana buƙatar famfo ya fitar da shi, famfo yana buƙatar batir, batir kuwa yana mutuwa idan babu farantin sola da zai riƙa cika shi.

Don haka kafin tafiya akan rufe dukkan bututan da ke shigo da ruwan teku, a kashe gas, a sauke filafilai da rumfuna domin rage abin da iska za ta kama, a kwashe abinci saboda ɓeraye da kyankyasai, a kuma kulle ƙaramin kwale-kwale da injinsa, waɗanda su ne ɓarayi suka fi sha'awa.

Akwai kuma batun cikowar teku da janyewarta. A Karibiyan bambancin bai cika kai rabin mita ba, amma a Saint-Malo da ke arewacin Faransa yakan kai mita 12. Wanda ya ɗaure jirginsa tamau a jikin bango a irin wannan wuri, zai dawo ya tarar da shi a rataye.

Takardu da mai tsaro

Dokokin kwastan ma na cikin lissafi. Ƙasashe da dama ba sa yarda matuƙi ya fita ya bar jirgin waje sai ya sanar da hukuma inda ya bar shi da kuma wanda ke kula da shi. A Tarayyar Turai, alal misali, jirgin da ya fito daga wajen ƙungiyar yana da watanni 18 ne kafin a nemi haraji a kansa, alhali mai shi, idan baƙo ne a yankin Schengen, kwanaki 90 kacal yake da su a cikin kowane 180. Wannan bambanci kaɗai kan raba mutane da jiragensu na watanni.

A yau akwai na'urorin da ke aika saƙo ta wayar salula idan ruwa ya taru a cikin jirgi ko ya gusa daga inda yake. Amma saƙo ba ya ɗaure igiya. Shi ya sa a kusan kowace tasha ake samun mazauna wurin da sana'arsu ke nan, su leƙa jirgi duk mako, su buɗe shi ya sha iska, su duba batir da igiyoyi, su matsar da shi idan hasashen yanayi ya sauya. Matuƙan da suka daɗe a kan teku sukan fara tambayar wane ne zai duba jirgin kafin su tambayi nawa ne kuɗin haya.