Ko Ka Sani? Dalilin da Rubutun Girkanci Ke Dagulewa a Manhajojin Fassara

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Duk harafin da aka buga, lamba take mayar da shi kafin ta adana, in za ta nuna shi kuma sai ta duba jadawalin da ke faɗin harafin kowace lamba. Rubutun Girkanci yana dagulewa ne idan aka adana shi da wani jadawali, aka karanta da wani daban.

Jadawalin farko da ya yaɗu shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabensa 128 ne, kuma Ingilishi kaɗai suka wadatar. Da aka ƙara gurabe zuwa 256, kowane yanki ya cika ragowar da nasa haruffa. Yammacin Turai ya samu Latin-1, Girkanci mai haruffa 24 ya samu ISO 8859-7 a 1987, kamfanin Microsoft kuma ya fito da Windows-1253. Sai lamba ɗaya ta zama tana da ma'ana biyu: 225 ita ce α a jadawalin Girkanci, amma a Latin-1 á ce. Wannan rikici na cikin abin da ya sa Girkawa da yawa a shekarun 1990 suka riƙa rubuta saƙonnin imel da haruffan Latin.

A 1991 aka fitar da Unicode, tsarin da ke neman ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, hanyar adana waɗannan lambobi a bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta) ɗaya zuwa huɗu. Harafin Ingilishi bayit ɗaya yake ci, na Girkancin zamani kuwa biyu.

Manhajojin fassara irin su Trados da OmegaT suna tara jimlolin da aka riga aka fassara domin a sake amfani da su. Inda ake ajiye irin waɗannan jimloli a rumbun bayanai, kowace jimla sai ta ratsa wurare uku: fayil ɗin da ta fito daga ciki, hanyar da ke haɗa manhaja da rumbu, da gurbin da za ta zauna. Ɗaya daga cikinsu ya saɓa, rubutu ya lalace. Rumbun MySQL ya daɗe yana zuwa a saite kan Latin-1, har sai da sigarsa ta 8.0 ta fito a 2018 a saite kan utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL, shi ya sa tsofaffin rumbuna suka fi fama da wannan matsala.

Kamannin lalacewar su ke nuna musabbabinta. Idan αβγ ya fito áâã, tsohon jadawalin Girkanci aka karanta da Latin-1. Idan α ya koma Î±, rubutun UTF-8 ne aka raba bayit ɗinsa biyu, aka ɗauki kowanne harafi guda. A waɗannan halaye biyu lambobin suna nan lafiya, karatun ne ya karkace. Amma idan alamomin tambaya ne aka adana a rumbun a madadin haruffa, to asalin ya salwanta, sai dai a koma ga fayil na farko.

Gyara yana farawa ne da kwafe rumbun gaba ɗaya a ajiye gefe, sannan a duba ainihin lambobin da ke ciki. In aka tarar da UTF-8 a gurbin da aka yi wa laƙabin Latin-1, sai a fara mayar da gurbin ma'ajiyar tsurar bayit, daga nan a ayyana shi utf8mb4. Wanda ya juya gurbin zuwa utf8mb4 kai tsaye ya ninka ɓarnar, domin za a adana Î± ɗin tamkar shi ne rubutu na gaskiya. Bayan haka sai a daidaita hanyar haɗi da fayilolin da ake shigarwa, kowanne ya koma UTF-8.

Saura ƙa'idar kwatanta kalmomi. Harafin sigma yana da ƙananan siffofi biyu, σ a farko ko tsakiyar kalma, ς a ƙarshe, babbansu kuma ɗaya ne, Σ. Akwai kuma alamar ƙarfin gaɓa da ke kan wasali. Rumbun da bai san wannan ba zai kasa gano kalmar da ke cikinsa, mai fassara ya sake aikin da aka riga aka gama.

Hausar boko ma tana fuskantar irin wannan, domin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ babu su a Latin-1, kuma kowannensu bayit biyu yake ci a UTF-8. Rumbun da aka saita kan UTF-8 tun ranar farko, shi da hanyar haɗinsa da fayilolinsa, yana riƙe Girkanci da Hausa tare, ba tare da harafi ɗaya ya ɓata ba.