Tsakanin Samaru Da Shika: Wa Ke Riƙe Da Ragamar Tsaro?

Ɗalibin likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello kan fara karatu a Samaru, daga baya ya koma asibitin koyarwa da ke Shika, kan hanyar Funtuwa. Tafiyar 'yan mintuna ce a mota, amma ta fuskar mulki ya tsallake iyakoki. Samaru tana ƙaramar hukumar Sabon Gari, Shika kuwa ta Giwa ce. Jami'a tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, asibitin yana da tasa hukumar a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. 'Yan sanda na tarayya ne, masu gadin ƙofa kuma ba su riƙe bindiga. To idan abu ya taso cikin dare, wa za a fara kira, kuma wa ke da ikon cewa a yi kaza?

Shekarar 2021 ta nuna nauyin wannan tambaya. A watan Maris aka kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka. A Afrilu aka faɗa wa Jami'ar Greenfield, inda aka kashe biyar daga cikin ɗaliban da aka sace. A Yuni kuma abin ya iso Zariya, a kwalejin Nuhu Bamalli.

Abin da masana ke kira tsarin kandagarkin haɗari ba wani siddabaru ba ne. A zagaya a duba inda katanga ta rushe, fitilar da ta mutu a bayan ɗakin kwanan ɗalibai mata, gidan malamin da ke dab da daji, da ɗalibin da zai tashi aikin dare a asibiti ya tsaya bakin titi yana jiran mota. A rubuta kowanne, a auna wanda ya fi barazana, a ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, a ba shi kuɗi da wa'adi.

Nan ne shugabanci ke shigowa. Babban jami'in tsaro zai iya rubuta rahoto mai kyau, amma ba shi ke raba kasafi ba. Muddin majalisar gudanarwa ba ta sa batun a jadawalin kowane zama ba, rahoton zai kwana a durowa, sai an yi ta'asa a kafa kwamiti. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, sai dai sa hannu ba ya gyara fitila.

Kira ga hukumomin jami'a da na asibiti: su zauna tebur ɗaya da 'yan sanda, masu unguwanni da wakilan ɗalibai, su fitar da tsari guda da lambar waya guda da kowa ya sani. Iyaye kuma, ranar kai yaro rajista, ku tambaya wa ke da alhakin tsaronsa.