Neman Masauki a Buenos Aires: Inda Arhar Take

Yawancinmu ta ƙafar Maradona da Messi muka san Ajantina, a gidan kallon ƙwallo. Amma akwai waɗanda hanya ke kaiwa can da gaske: malamin jami'a da aka gayyata taro, likitan dabbobi da ya je ganin yadda suke kiwon shanu, ɗan kasuwa mai cigiyar injin noma. Wanda ya bi jirgin Ethiopian ta Addis Ababa, ko na Turkish ta Istanbul, ya ya da zango a São Paulo, sannan ya sauka Buenos Aires bayan kwana guda cur a hanya, ba abin da ransa ke so sai ɗaki mai tsabta da ruwan ɗumi. Zancen ɗakin ma tun daga gida yake farawa, don ofishin jakadancin Ajantina a Abuja zai so ganin takardar kama ɗaki ko wasiƙar mai masauki kafin ya buga biza.

Baƙo ko da ido makaho ne, kuma makantar farko a wannan birni ita ce karanta allo. Ba duk ginin da aka rubuta wa "hotel" ne otal irin wanda kake nufi ba. Akwai abin da suke kira albergue transitorio, 'yan gari su ce telo. Wannan wuri ne da ake haya na awa biyu ko uku don masoya, ba don matafiyi da akwatinsa ba. Farashin da ke jikin ƙofa na awoyi ne, shi ya sa yakan ruɗi baƙo ya zaci ya yi tsintuwa. Sai hotel familiar ko pensión, waɗanda suka yi yawa a unguwannin Constitución da Once. Da yawansu gidajen haya ne na marasa ƙarfi, iyali guda a ɗaki ɗaya, banɗaki da kicin na kowa da kowa, ana biya wata-wata. Shi kuwa hostel na matasa 'yan yawon buɗe ido ne, gado bisa gado, wani lokaci maza da mata a ɗaki guda, da hira da kiɗa har tsakar dare. Wasu hostel ɗin suna da ɗakin mutum ɗaya mai banɗakinsa, kuma yakan yi sauƙin kuɗi. In za ka kama, tabbatar an rubuta habitación privada con baño privado, wato ɗaki naka kai kaɗai da banɗaki a ciki.

Ga wanda zai yi mako ko fiye, ni a ganina babu kamar apart hotel. Ɗaki ne da ɗan kicin, da firji da tukunya, ga kuma ma'aikaci a ƙofa dare da rana. Dalilin fifikon ba kuɗi kaɗai ba ne. Mutanen birnin ba sa cin abincin dare sai tara ko goma, gidajen abinci da yawa ba sa buɗewa kafin takwas, sannan naman alade yana shiga abincinsu ta hanyoyin da ba ka zata ba. Wanda zai iya dafa shinkafarsa ya soya ƙwai ya huta da tambaye-tambaye.

Birnin yana da unguwanni 48 da mutum kimanin miliyan 3, ban da garuruwan da suka kewaye shi, amma unguwannin da baƙo zai duba ba su wuce biyar ko shida ba. Puerto Madero, tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka mayar unguwar masu hannu da shuni, a bar wa wanda kamfani ke biya masa. Recoleta tana da kyau da natsuwa, kuma ko da yake manyan otal irin su Alvear suna can, a lungunanta akwai ƙananan otal masu tauraro uku da ba su fi ƙarfin ma'aikaci ba. Palermo ce aka fi yayi yanzu, cike da lambuna da shagunan shan kofi, sai dai farin jininta ya sa farashinta ya hau, kuma sashen da ke kusa da dandalin Serrano ba ya barci daren Juma'a da Asabar.

Arhar gaske tana tsakiyar gari, wajen da suke kira Microcentro da Monserrat, daga hasumiyar Obelisco da aka gina a 1936 zuwa titin Avenida de Mayo. An buɗe wannan titi a 1894, kuma tun zamanin da Sifaniyawa da Italiyawa ke kwarara cikin jiragen ruwa aka jera otal a gefensa. Har yau wasu suna aiki, da dogayen ƙofofi, da rufi mai nisa, da lif mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu. Ɗaki a nan yakan yi ƙasa da irinsa a Palermo sosai. Abin da za ka biya a madadin kuɗin shi ne haƙuri. Unguwar ofisoshi ce, da rana cinkoso, da dare da ranar Lahadi kuma wasu titunan sai su yi tsit, ba ka so ka riƙa yawo da waya a hannu. Sannan titin Avenida de Mayo ya haɗa fadar shugaban ƙasa ta Casa Rosada da majalisar dokoki, to duk wata zanga-zanga nan take bi, da ganguna da tutoci, kuma mutanen Ajantina ba sa gajiya da zanga-zanga.

San Telmo, kudu kaɗan, tana da nata labarin. Unguwar attajirai ce har annobar shawara ta 1871 ta kore su zuwa arewacin birnin, aka yanyanka manyan gidajensu aka zuba baƙin haure. Waɗannan gidaje masu tsakar gida su ne yau aka mayar ƙananan masaukai, kuma Bahaushe zai ji kamar ya san fasalinsu: zaure, sai fili, ɗakuna a kewaye. Ranar Lahadi titin Defensa kan koma kasuwa tun daga farkonsa har dandalin Dorrego. La Boca kuwa, inda filin ƙwallon Bombonera yake, a je da rana a yi kallo a dawo. Haka kewayen tashoshin jirgin ƙasa na Constitución da Retiro, duk arhar ɗaki ba wurin saukar sabon zuwa ba ne. Once kasuwa ce ta tufafi da kayan sari, a nan za ka haɗu da 'yan Senegal masu kasa kaya, wurin ciniki da rana ba laifi.

Abin da ke daidaita duk wannan shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, Subte, wanda ya fara aiki a 1913, na farko a Latin Amurka. Layi shida ne. Otal da ke tafiyar minti biyar daga tasha ya fi wanda ke unguwa mai suna amma sai da tasi. Ka nemi katin SUBE tun ranar farko, da shi ake hawa jirgin da motocin bas.

Sai maganar biya, inda mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Harajin kaya a Ajantina, IVA, kashi 21 cikin ɗari ne. Tun 2017 aka ɗauke wa baƙon da ba mazaunin ƙasar ba wannan haraji a kuɗin ɗaki da karin kumallon da ke cikinsa, da sharaɗin ya nuna fasfo kuma ya biya da katin bankin wata ƙasa ko ta turo kuɗi daga waje. Wanda ya zaro takardun kuɗi ya biya a hannu ya rasa rangwamen. Mu da muka saba ɗaure dala a ɗamara sai mu lura: a nan kati ya fi tsaba. Tun kana gida ka tabbatar katinka yana aiki a waje, kuma ka tambayi otal ko farashin da ka gani a intanet da haraji ne ko babu. Akwai kuma ɗan harajin da hukumar birnin ke karɓa daga baƙi kowane dare, bai wuce dala ɗaya da rabi ba.

Farashin peso, kuɗin ƙasar, da wani ya faɗa maka bara, kada ka yi lissafi da shi. A 2023 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 200 cikin ɗari. Shekaru da dama akwai canjin gwamnati da na bayan fage, wanda suke kira dólar blue, kuma masu canji a titin Florida suna kiran "cambio, cambio" kamar kana Wapa a Kano. A lokacin mai dala a hannu sarki ne. Bayan hawan shugaban ƙasa Javier Milei a Disamba 2023, da sassauta takunkumin canji a Afrilu 2025, tazarar ta tsuke, birnin kuma ya yi wa baƙi tsada fiye da da. Kwatanta otal da otal da dala, shi ne ma'aunin da bai cika motsi ba.

Arha ba ta ado, amma jin daɗin ɗaki a wannan birni ya rataya ne a kan ƙananan abubuwa da tambaya ke samarwa kyauta. Ka ce a ba ka contrafrente, ɗakin da tagarsa ke kallon bayan gini, don motocin bas ba sa tsayawa duk dare. Ka tuna yanayinsu kishiyar na Turai ne: Janairu zafi da gumi, Yuli sanyi mai ratsa ƙashi, fiye da hunturun Jos. A Janairu tambayi na'urar sanyaya ɗaki, a Yuli tambayi ta ɗumama shi, don tsofaffin gine-ginen nan masu dogon rufi ba sa riƙe ɗumi. Yuli kuma lokacin hutun makarantu ne, ga 'yan Brazil sun cika gari, ɗaki yakan yi wuya. Soket ɗinsu ba ya karɓar filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa, sai da adafta.

Wani abu guda zai faranta wa Musulmi rai. Kusan kowane banɗaki a Ajantina, har na ƙaramin otal, yana da bidet, ɗan kwamin tsarki da ruwa a gefen masai. Wanda ya sha fama da gorar ruwa a otal ɗin Ingila ya san darajar wannan. Karin kumallo kuwa kada ka sa rai da yawa: kofi ne da medialunas, ɗan burodi mai siffar jinjirin wata. Na manteca da man shanu ake yi, na grasa da kitse, sai ka tambayi kitsen mene ne. Jan yankan naman da ke kusa da cuku, jamón, alade ne.

In Juma'a za ta riske ka, saka masallaci cikin lissafin unguwa. Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd, wadda aka buɗe a 2000, tana Palermo daf da tashar Subte ta layin D. Masallacin Al-Ahmad yana titin Alberti a San Cristóbal, ya fi kusa da mai zama tsakiyar gari. Alƙibla daga ɗakinka gabas ce, da ɗan karkata zuwa arewa.

Filin jirgin Ezeiza yana da nisan fiye da kilomita 30 daga tsakiyar birni. Ka biya mota a teburin kamfani cikin filin, ka rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa. In jirginka cikin dare zai sauka, rubuta wa otal tun da wuri, don ƙananan masaukan San Telmo da Palermo ba duka ke da mai buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare ba.