Shirin Musamman: Hunturu Ya Fara Naɗe Tabarma a Ingila

Yau shirin namu zai leƙa Ingila, inda hunturu ya fara naɗe tabarmarsa, jama'a kuma suka fara kakkaɓe takalman yawo.

Haske ne ke fara kawo albishir. A Landan, ranar 21 ga Disamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi. Amma da zarar Fabrairu ta raba, sai ma'aikaci ya tashi aiki ya tarar da sauran haske a gari. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris kuma a tura agogo gaba da awa ɗaya, yamma ta ƙara tsawo.

Sai ƙasa ta amsa. Wani ɗan farin fure mai sunkuyar da kai shi ke riga kowa fitowa, wani lokaci ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Kwaɗi su zuba ƙwai a kududdufai, tumaki su shiga haihuwa. Ran da ma'aunin zafi ya nuna digiri 13, za ka ga Bature ya tuɓe rigar sanyi yana shan hantsi, alhali baƙon da ya zo daga Sakkwato yana gefe yana makyarkyata.

Akwai wanda ya ɗauki wannan lura da muhimmanci ƙwarai. A 1736, wani mai gonaki a yankin Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da kowane itace ya yi toho da ranar da kowane tsuntsu ya iso, har alamomi 27. Zuri'arsa suka riƙe aikin har 1958. Da irin waɗannan rubuce-rubuce ne masana suka tabbatar cewa yanzu toho na riga lokacinsa na da fitowa, saboda ɗumamar yanayi.

To, masu saurare, ga inda muka shigo labarin. Yadda manomi a ƙasar Hausa ke ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato, haka mutumin ƙauyen Ingila ke kasa kunne a watan Afrilu ya ji tsuntsun da suke kira kuku, wannan mai wayon da ke zuba ƙwansa a sheƙar wani. Daga 2011 masana suka fara ɗaura wa waɗannan tsuntsaye 'yar na'ura a baya, suka ga ashe a dazuzzukan Kongo suke cin hunturu. In za su koma sai su yada zango a Afirka ta Yamma, su ci su yi ƙiba, sannan su keta Sahara. Ita ma tsattsewarsu daga can Afirka ta Kudu take tasowa.

Da an ji kukan tsuntsaye sai a baje taswira a tebur. Masu ƙarfin gwiwa su nufi hanyar Pennine Way, wadda aka buɗe a 1965, tafiyar ƙafa ce ta kilomita 431 daga ƙauyen Edale har cikin Sikotland. Wannan 'yancin yawo fa ba a banza aka same shi ba. A watan Afrilun 1932, ɗaruruwan matasa, akasarinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe don farautarsu. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Shekara 19 bayan haka yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya.

Wanda zai hau tudun a watan Maris dai ya tafi da rigar ruwa da takalmin da ba ya tsoron taɓo, don a can ana iya ganin rana da ruwa da ƙanƙara kafin azahar.